Ragon layya da kaska

1/ Jama'a, ni fa a ganina kafin ka ɗora hoton ragonka a WhatsApp, fara duba kunnensa da ƙarƙashin wutsiya. Nan kaska ke maƙalewa.

2/ Don Allah a daina fasa ta da farce. Tana iya ɗauke da zazzaɓin Kirimiya-Kongo, wanda WHO ta ce yakan kashe har 40 cikin 100 na waɗanda suka kamu.

3/ Guda ɗaya in ta ƙoshi ta faɗo, dubban ƙwai za ta zuba a tsagar bango. Rago ya tafi, ita tana nan.

4/ Nemi likitan dabbobi ya sa masa magani mako 2 kafin yanka. A sassabe ciyawa, a liƙe bango, a share turke kullum.