Tukunyar da ba ta da suna ba ta da daraja a kasuwa

A gidajen gwanjo na Turai, irin su Bukowskis a Stockholm da Bruun Rasmussen a Copenhagen, ana rububin kayan yumɓun da aka gina a Sweden da Denmark daga shekarun 1940 zuwa 1960. Tulu guda na Axel Salto, ɗan Denmark da ya rasu a 1961, yakan tashi kan gomman miliyoyin sefa. Mai saye yana fara juya gindin tulun, ya ga sa hannun magini da tambarin masana'anta, sannan ya taya.

A kasuwannin ƙauyukan Agiye da Gazawa da Gidan Rumji kuwa, sai mace ta haƙo yumɓu, ta cuɗa, ta gina randa da hannu, ta gasa, ta kai kasuwa, mai saye ya yi ta ja-in-ja kan 'yan daloli. Da randar ta bar kasuwa, sunan mai ita ya ɓace. Ga kuma roba da ta cika gidaje, har 'yan mata da dama na ganin sana'ar iyayensu wahala ce kawai.

Wasu za su ce ba a haɗa su, tunda tukunyar Turai ta sha gilashi da wuta mai ƙarfi, tamu kuwa ta aikin gida ce. Labarin Ladi Kwali ya amsa wannan. A ƙauye ta koyi gini kamar kowace magina, ta shiga cibiyar da Michael Cardew ya buɗe a tsohuwar Abuja, wato Suleja ta yau, a 1954. Ba ta bar salonta na gado ba, amma aikinta ya fara ɗaukar tambarin sunanta. Yau hotonta na kan takardar naira 20, tukwanenta kuma ana gwanjonsu a Landan.

Saboda haka aikin a fili yake. Hukumomin gundumomin nan uku su rubuta sunayen magina da garuruwansu, a taimaka wa kowace ta sami alamar da za ta buga a gindin tukunyarta. A ba su rumfa a SAFEM, baje kolin sana'ar hannun mata na Yamai. Matasan da ke riƙe da waya su ɗauki hoton tsofaffin magina suna aiki tun suna da rai. 'Yan ci-rani da ke turo kuɗin gina gida su ware wani abu su sayi randa da tulun garinsu a farashin da ba na tausayi ba.

Nijar ta riga ta ga yadda aka yi ta fitar da gumakan yumɓu na Bura zuwa ƙetare ta ɓarauniyar hanya. Idan aka bar tukwanen Maradi ba suna ba rajista, ranar da suka yi tsada dillali ne zai ci riba, jikokin magina su ji labari.