Kada Mu Ce Tsufa Ne Kawai

'Yan'uwa, idan dattijo ya daina buɗe littafin waƙoƙi, ko tsohuwa ta fara laluben ƙofa, mukan ce tsufa ne. Sau da yawa cuta ce mai magani.

Binciken makanta da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yanar ido ce kan gaba wajen makantar da masu shekara 40 zuwa sama. Tiyata tana cire ta, gani ya dawo. Hawan jinin ido kuwa a ɓoye yake cin gani, yawanci ba zafi, kuma abin da ya ci ba ya dawowa. Awon likita ne ke kama shi da wuri.

Haka ma fata. Tabo fari-fari da ba ya jin taɓawa yana iya zama kuturta, maganinta kyauta ne. Gyambon ƙafa da ya ƙi warkewa yana bukatar gwajin sukari.

Saboda haka muna roƙon dattawa da zumuntar mata, ku kai iyayenmu asibiti, kada masu soka ido su riga ku. Wanda ba shi da kuɗin mota, ikilisiya ta ɗauki nauyinsa.