Ɗanmu da ke karatu a Aljeriya, a bar shi ya je ya ga Gardaya

Jama'a, akwai wata magana da mu iyaye muka saba faɗa wa yaranmu in sun samu burs za su tafi Aljeriya: "Karatu muka tura ka, ba yawo ba." Da kyakkyawar niyya muke faɗa. Amma ku duba abin da take haifarwa. Yaro ya yi shekara biyar tsakanin ɗakin kwana da aji, ya dawo da diflom, ka tambaye shi me ya gani a ƙasar, sai ya ce maka sanyi da burodi.

Mu dai a ganinmu wannan asara ce, kuma da hannunmu a ciki.

Kusan kilomita 600 kudu da Alje akwai kwarin Mizab, inda garin Gardaya yake, a kan hanyar da ke gangarowa Tamanraset ta shigo mana ta Asamaka har Agadas. Garuruwa biyar ne a kwarin, na farkonsu an kafa shi tun 1012, kuma UNESCO ta sa wurin cikin kayan tarihin duniya a 1982. Mutanen wurin Musulmi ne mabiya mazhabar Ibadiyya. Kowane gari a kan tudu suka ɗora shi, masallaci a can ƙololuwa, gidaje na zagaye da shi suna gangarowa, kasuwa a ƙasa. Cikin kwarin kuwa suka bar wa dabino da ruwa.

Ruwan nan shi ne abin da muke so yaranmu su je su gani da idonsu. Wurin hamada ne, sai a daɗe kwarin bai kawo ba. Ran da ya kawo, madatsai na tare shi, magudanai na raba shi lungu-lungu cikin gonakin dabino, kowace gona da ƙofar ruwanta daidai yawan itacen da ke cikinta. Akwai amintattun da gari ya ɗora wa sa ido kan rabon. Abin da ya rage ya nutse ƙasa, rijiyoyi su sha. Ba mu ce ba su taɓa kuka da ruwa ba: a watan Oktoban 2008 ambaliya ta kashe mutane da dama a Gardaya, bayan gine-gine sun cika wuraren da kakanni suka bar wa ruwa. To wannan ma ai darasi ne. Mu da muka ga abin da damanar 2024 ta yi mana a Maraɗi da Yamai, muka ga tsohon masallacin Birni na Damagaram ya zube, wa zai ce mana yaron da ke karanta aikin gini ko na ruwa ya ɓata lokaci don ya kwana biyu a Mizab?

Sai kuma na addini. A wannan hanyar dai, kusa da Lagwat, akwai Ainu Madi, mahaifar Shehu Ahmadu Tijjani. A yamma akwai Tilimsan, garin Shehu Magili, wanda ya bi ta Abzin ya je Kano zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Mun san za a ce mun taɓo ziyara, kuma ba bakinmu ɗaya ba a kanta. Ba gardamar muka zo tayarwa ba. Ko kana ɗariƙa ko ba ka yi, sunayen da ka ji a zauren malam tun kana ƙarami garuruwa ne da ake zuwa da kar, kuma ɗanka na kusa da su.

Sai dai yara, ku ma da taku. Bani Isgen, ɗaya daga garuruwan biyar, ba a shigarsa sai da ɗan rakiya na garin. Ba a shan taba, ba a shiga da guntun wando, ba a ɗaukar hoton mutane, balle matansu. Wanda zai je don ya cika Facebook da hotonsa kawai, gara ya zauna ɗaki. A je da littafi da biro, a tambayi ɗan rakiya yadda ake auna rabon ruwa, a dawo a ba mu labari.

Kuɗi fa? Burs ɗin ba ta da yawa, mun sani. Amma jikkunan da muke aikawa a sayi sabuwar waya za su kai yaro su dawo da shi, musamman in sun haɗu su biyar ko shida lokacin bakans. Ƙungiyoyin ɗalibanmu da ke can su ya kamata su riƙa shirya wannan, ba liyafar ƙarshen shekara kaɗai ba.

Tsoron iyaye kuma ba na banza ba ne. Kowa ya san motocin da ke sauke mutane a iyakar Asamaka, kuma da an nufi kudu bincike na ƙaruwa. Don haka kada yaro ya fita ba katin zama da katin ɗalibi a aljihunsa, ya bar kwafinsu wurin abokin ɗaki, ya kuma gaya wa gida ranar tafiya da ranar dawowa.