Kajin Gidanki Na Iya Zama 'Yan Gargaɗi



Uwargida, da zarar an ambaci sauro, zazzaɓin cizon sauro kaɗai ke zuwa miki a rai. To, akwai wata cutar da yake ɗaukowa daga jikin tsuntsaye, wato zazzaɓin Yammacin Nilu. An fara gano ƙwayar cutar a jinin wata mata a ƙasar Yuganda a 1937. Sauro ne ke cizon tsuntsu mai ɗauke da ita, sannan ya ciji mutum ko doki. Galibi irin sauron da ke haihuwa a kwata da ruwan datti ne.

A 1999 hankaki suka riƙa faɗowa matattu a birnin New York na Amurka, a daidai lokacin da ake kwantar da tsofaffi a asibiti saboda kumburin ƙwaƙwalwa. Da aka gwada gawar tsuntsayen ne aka gane cuta ɗaya ce. Shi ya sa masana ke sa wa tsuntsaye ido. A jihar Fulorida da ƙasar Ostareliya har kaji ake ajiyewa a keji, ana ɗibar jininsu lokaci-lokaci. Kaza ba ta cika jigata da cutar ba, amma jininta kan nuna sauro mai cutar ya cije ta, sai hukuma ta gargaɗi jama'a tun kafin a fara kwanciya.

Kada ki ce abin na nesa ne. Duk shekara tsuntsaye na tasowa daga Turai su sauka a fadamun Haɗejiya da Nguru, bincike kuma ya nuna alamun cutar a jinin mutane da dawakai a Nijeriya. Mu nan Roni da Kazaure da Ɓaɓura da Gwiwa, wane gida ne babu kaji ko zabbi ko tantabaru? Ga kududdufai da damina, ga dawakin hawan Sallah.

Cikin mutum 5 da suka kamu, kusan 4 ba sa jin komai. Ɗayan kan yi zazzaɓi da ciwon kai da na gaɓoɓi. Kusan 1 cikin 150 ne cutar ke taɓa wa ƙwaƙwalwa, tsofaffi sun fi shiga haɗari. Babu rigakafinta na mutane, maganin maleriya kuma ba ya yi mata komai. Don haka idan gwaji ya nuna ba maleriya ba ce, ko zazzaɓi ya zo da sanƙarewar wuya da ruɗewa, a garzaya asibiti, a bar sayen ƙwayoyi a kemis.

Ke ce kullum a tsakar gida, ke za ki fara lura. In kin ga tsuntsaye na mutuwa barkatai, hana yara wasa da su, kada a ɗauka da hannu tsirara, kada a yanka mai ciwo a ci. A sanar da malamin dabbobi na ƙaramar hukuma, domin akwai cibiyar binciken cututtukan dabbobi a Vom ta jihar Filato mai yin gwaji. Mutuwar kaji da yawa na iya zama murar tsuntsaye, wadda ta ɓulla a jihar Kaduna a 2006, ita kuwa ba ta buƙatar sauro kafin ta kama mutum.

Sannan ki riƙa sauya ruwan kaskon kaji kullum, ki rufe randa, a yashe kwata, a nisanta akurki da ɗakin kwana, kowa ya kwana cikin gidan sauro, har da su kaka.

Allah Ya kare mu da iyalanmu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.