Jarumin Roba da Dokin Yumɓu

A Kwanar Dangora, inda hanyar Tudun Wada da Doguwa ta rabu da babbar hanyar Kano zuwa Zariya, muka tsaya jiran mota ta cika. Wani yaro ɗan kimanin shekara 10 ya matsa wa uwarsa sai ta saya masa ɗan mutum-mutumin roba mai ja da shuɗi, wanda yara suka sani da Spider-Man. Ta kwance bakin zane ta biya. Kafin direba ya tayar da mota hannu ɗaya ya ɓalle, yaron ya juya shi sau biyu, ya jefar a gindin teburin mai rake. Bai ko yi kuka ba, gama ba shi ya yi abin ba.

'Yan'uwa, wannan ɗan abu ne ya sa muka ɗauki alƙalami. A ƙasashen Turai da Amurka akwai manyan mutane, masu iyali da aikin yi, waɗanda suke sayen irin waɗannan jarumai ba fenti a jikinsu, su zauna su shafa da hannunsu. Wani kamfani a Ingila mai suna Games Workshop, wanda hedkwatarsa take birnin Nottingham, ya fito da wasan Warhammer a 1983, har yau kuwa yana cin abinci da shi. A 2019 wani kamfanin Amurka, Atomic Mass Games, ya fito da Marvel: Crisis Protocol, inda ake jera jaruman littattafan zane a kan tebur, a auna tafiyarsu da 'yar sanda, a jefa ƙwaya irin ta ludo don a ga wanda ya yi nasara. Yawancin jaruman ba su fi tsawon babban yatsa ba, suna kuma zuwa ne gunduwa-gunduwa, launin toka.

Aikin yana da tsari. Mutum zai yanke gaɓoɓin, ya kankare, ya manne su da gam. Sai shafen fari, wanda zai sa sauran fenti ya kama. Sa'an nan ya tsinka fenti da ruwa, domin shafe biyu marasa kauri sun fi ɗaya mai kauri, wanda yakan cike idanu da ninkin riga. Bayan haka ya zuba baƙin launi mai ruwa-ruwa ya gangara cikin lunguna ya zama inuwa, ya kuma goga haske a kan tudun kafaɗa da buroshin da ya kusa bushewa. Ido shi ne na ƙarshe, da tsinin buroshi, mutum yana riƙe da numfashinsa. Jarumi ɗaya yakan ci yamma biyu ko uku. Wanda ya sha wannan wahala ba ya jefar da abinsa don hannu ya ɓalle. Gam zai nema.

To, mu da muka tashi a ƙauyukan Kiru da Bebeji, me ke cikin wannan da ba mu sani ba? Bayan girbi mun fere karan dawa mun yi mota, da fitilunta na totuwa. Mun buɗe gwangwanin madara mun yi babbar mota, muka yanka tsohon silifa ya zama taya. Da damina mun ɗebo yumɓu a bakin rafi mun gina doki da mahayinsa, da sa mai tozo, muka shanya a inuwa don kada rana ta tsaga shi. Launi ma ba saye muka yi ba: jar ƙasa, farar ƙasa, da gawayi a dama da ƙaro, buroshi kuwa gashin kaza. Wasan tebur ma muna da namu, sai dai teburinmu ƙasa ce: dara, gurbi 30, kowa da 'ya'yansa 12. Abin da Bature yake biya da tsada, mu a bayan gida muka same shi kyauta, muka kuma bar shi ya mutu da sunan wasan banza.

Mu iyaye ne muka kashe shi, ba waya kaɗai ba. Sau nawa uba ya dawo daga gona ya tattake dokin yumɓu, yana cewa yaro ba ya da aikin yi? Alhali a wurin nan yaro yake koyon awo, da haƙuri, da gyaran abin da ya lalace. Ku tambayi masu zanen jikin manyan motocin da suke wucewa ta Kwanar nan, da masu rubuta allunan shaguna, da kafintoci, da masu walda, inda hannunsu ya fara faɗawa. Da yawa za su ce muku a kan motar kara ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Mun san abin da ke damun waɗansu dattawanmu, ba ma kuwa raina shi. Waɗanda iyayensu suka bar tsafi da wahala, in sun ga siffar mutum a ɗaki sai gabansu ya faɗi. Amma abin da aka hana mu shi ne yin siffa domin a yi mata sujada ko a dogara gare ta. Yaron da ya gina mahayin doki, ya sa shi tsere da na abokinsa, gobe ya sake murje shi ya yi raƙumi, ya fi kowa sanin cewa ƙasa ce.

Damuwar da ta fi wannan nauyi a wurinmu ita ce, jaruman wa yaranmu suke riƙewa? Superman tun 1938 yake, Spider-Man tun 1962, dukansu kuwa mutanen wata ƙasa suka ƙaga su don 'ya'yansu. Ba mu ce a ƙone su ba. Amma abin dariya ne yaron da kakarsa ta san tatsuniyar Gizo da Ƙoƙi ya zama bai san wani gizo ba sai na Amurka. Wani ɗan Nijeriya, Roye Okupe, ya ƙirƙiro jaruma mai suna Malika bisa labarin Sarauniya Amina ta Zazzau, duniya kuwa ta karɓa. Zazzau ɗin nan tana gabanmu a kan wannan titi. Ga Bayajida da macijin rijiyar Kusugu a Daura, ga Barbushe a kan Dala. Malamin firamare ko na makarantar Lahadi da zai ba yara labari ɗaya, ya ajiye musu yumɓu da launi su gina abin da suka ji, zai ga yadda labarin zai zauna musu.

Gargaɗi ɗaya dole mu yi. Waɗansu yara sukan fasa tsohon batirin mota su narka dalmar ciki don su zuba siffa, waɗansu kuma sukan kwaso ragowar fentin mota ko na ƙofa, su riƙa gyara bakin buroshi da leɓe. Dalma guba ce, ta fi kuma yi wa ƙwaƙwalwar ƙananan yara lahani. Ba mu manta da Zamfara a 2010 ba, inda ƙurar dalma daga dutsen zinariya da ake niƙawa a cikin gidaje ta kashe yara wajen 400 a yankunan Anka da Bukkuyum. Yawancin masu yin jaruman nan a waje ma sun daina dalma, sun koma gaurayen kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙa a Riruwai ta Doguwa, daga baya kuma roba. Fentin da suke amfani da shi na ruwa ne. A saya wa yaro fentin ruwa na 'yan makaranta a kantin littattafai, ko a bar shi da jar ƙasarsa da ƙaro. Kuɗin bai kai na jarumin da aka jefar a gindin teburin mai rake ba, in aka haɗa da na wanda uwar za ta sake saye ran kasuwa mai zuwa.