Jininmu aka ɗiba, to ina sakamakon?

Jama'a, duk ɗan Haɗeja ya san yadda ciwon ƙoda ya zame mana. Daga nan har Nguru da Gashuwa, da wuya ka samu zuriyar da ba ta yi jinyar mai wankin ƙoda ba. Wani ya ce ruwan sha ne, wani ya ce maganin feshin gona ne, wani ya ce ƙwayoyin kashe ciwo ne da muke sha barkatai. Kowa da hasashensa.

Shekarun baya wasu masu bincike suka zo unguwarmu, suka ɗebi jini da fitsari, har da na kawuna. Ya rasu bai ji komai ba. Da na tambayi wani abokina likita, sai ya ce ƙila takardar na hannun mujallar likitoci. Wai sai masana sun tantance, a dawo da ita a gyara, wani lokaci a ƙi karɓa a koma wata mujallar. Shekara takan wuce a haka. In ma ta fito, da Turanci take, wata kuma sai ka biya dala kafin ka karanta.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Tun 1982 aka wallafa bincike a wata mujallar Turai da ya nuna alamun ƙwayar Ebola a jinin mutanen Laberiya. Jami'an lafiyar ƙasar ba su san da shi ba sai bayan annobar 2014 ta ci dubban rayuka.

Amma dubi abin da aka yi a Ingila lokacin korona. Ranar 16 ga Yuni 2020 masu bincike na Jami'ar Oxford suka sanar cewa dexamethasone, magani mai arha, yana rage mutuwar waɗanda ke kan na'urar numfashi da kashi ɗaya cikin uku. Asibitoci suka fara amfani da shi nan take, mujalla ta buga bayan wata guda.

Ban ce a daina tantancewa ba, domin sakamakon gaggawa marar inganci shi ma kisa yake yi. Abin da nake cewa shi ne, manomin Auyo ko masuncin Guri da ya miƙa hannu aka ɗebi jininsa yana da haƙƙi. Wanda aka ga ƙodarsa ta fara taɓuwa a kira shi cikin mako, kada a jira mujalla. Abin da aka gano kuma a kawo shi fadar Mai Martaba da gidan rediyo da Hausa, a faɗi wanda aka tabbatar da wanda ake zato.

Gwamnatin Jigawa ta sa wannan ya zama sharaɗi kafin ta ba kowa izinin bincike. Mu ma in sun zo, mu tambaye su: yaushe za ku dawo mana da amsa?

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu.