Kafin Ka Koya Wa Yaro “Calf”, Tambaye Shi Ko Ya San Maraƙi

'Yan uwana ɗalibai, musamman ku 'yan COE Minna da masu karatun koyarwa a FUT, da duk wanda TP ke jiransa.

Akwai wani darasi da kusan kowannenmu zai ci karo da shi idan aka ba shi aji huɗu ko biyar na firamare: sunayen 'ya'yan dabbobi da kalmomin sifa. Mun san yadda ake yin sa, don haka aka yi mana. Malam ya rubuta cow da calf, goat da kid, hen da chick a allo, yara su maimaita da ƙarfi har ajin kusa ya ji, a kwafa a littafi, a tashi. Ranar jarrabawa kowa ya ci. Bayan wata ɗaya ka nuna wa yaron hoton ɗan saniya, sai ya tsaya yana kallonka.

Ni a ganina laifin hanyar ne. Kalmar da ba ta da abin riƙewa a kan yaro ba ta zama. Abin riƙewar kuwa yana gidansu. Yaron Maitumbi ko Kpakungu ko Tudun Fulani yana kwana yana tashi da kaji da awaki, amma da ya shigo aji sai mu yi kamar bai taɓa ganin dabba ba.

Ku gwada wannan a ɗakin kwananku yau. Ɗan saniya maraƙi, ɗan kaza tsako, ɗan kare kwikwiyo, waɗannan kowa zai kawo. To ɗan doki fa? Duƙushi. Saniyar da ba ta kai ga haihuwa ba? Karsana. Kazar da ta tasa amma ba ta fara ƙwai ba? Sagara. 'Ya'yan kwaɗi masu wutsiya da ke cikin kududdufi da damina? Talibambam. Wallahi a cikinmu masu neman digiri da NCE akwai da yawa da za su tsaya a na uku. Idan mu malaman gobe mun rasa su, wa zai ba ƙannenmu?

Haka kalmomin sifa. Littafi zai ce big, small, black, white, ya tsaya nan. Bahaushe kuwa yana da fari fat, baƙi wuluk, ja wur, kore shar. Yana da ƙato da siriri da kakkaura da ramamme. Dawaki ma sunansu na bin launinsu: akawal, kili, danda. Sannan sifar Hausa tana bin jinsi da adadi: farin maraƙi, farar karsana, fararen 'yan tsaki. Yaron da ke faɗin wannan daidai tun yana shekara biyar ya riga ya san aikin adjective, sunan ne kawai bai sani ba. Aikinka ka nuna masa cewa abin da yake yi kullum shi ne ake nufi, kuma a Turanci ma ya fi sauƙi, tunda white ba ta sauyawa ko namiji ne ko mace.

Na san wani zai ce, “Malam, Minna fa ba Kano ba ce.” Gaskiya ne. A aji ɗaya za ka samu Gbagyi da Nufawa da Fulani da Yarbawa da Ibo. Ai wannan riba ce. Ka zana maraƙi a allo, ka ce kowa ya faɗi sunansa da yarensu, wanda bai sani ba ya tambayo kakarsa gobe. Yaron Fulani da ke zaune shiru a baya, ranar nan shi ne malamin aji, don a maganar shanu ya fi ka sani. Bayan an jera sunayen sai ka rubuta calf a ƙarshe. Yanzu kalmar ta samu wurin zama.

Wani kuma zai ce jarrabawa da Turanci ake yin ta. Haka ne, hedkwatar NECO da ke shirya jarrabawar shiga makarantun sakandaren tarayya ma nan Minna take. Babu wanda ya ce a bar Turanci. Maganar ita ce ta wace ƙofa za a shigar da shi. Tun 1970 Farfesa Babs Fafunwa da abokan aikinsa suka fara gwaji a Ile-Ife, inda aka koyar da yara da Yarbanci tsawon shekara shida, ana koya musu Turanci a matsayin darasi, kuma yaran ba su koma baya a Turancin ba. A 2022 gwamnatin tarayya ta amince da koyarwa da harshen uwa a duk shekarun firamare, a 2025 kuma ministan ilimi ya sanar da soke tsarin. Manufa tana zuwa tana tafiya, amma babu takardar da ta hana ka tambayi yaro abin da ake kiran ɗan akuya a gidansu kafin ka ce masa kid.

Kuma ba ya buƙatar kuɗi. Alli, kwali, da hotunan da ka ɗauka da wayarka a unguwa sun isa. Ka sa kowane yaro ya kwatanta dabba ɗaya ta gidansu da sifa uku, da yarensa sannan da Turanci. Minti talatin da biyar ya ishe ka, malamin da ya zo duba ka ma zai ga aji yana motsi.

'Yan uwa, TP makonni ne kawai, amma yaran za su daɗe da abin da muka bar musu. Mu bar musu harshe biyu masu ƙarfi, kada mu karɓe na hannunsu mu ba su haddar da za ta zube kafin hutu.

Yanzu ku faɗa mana: a garinku me ake kiran ɗan jaki da ɗan raƙumi? 'Yan uwa Nufawa da Gbagyi da Fulani, ku kawo naku, mu haɗa jeri ɗaya da kowa zai shiga aji da shi. Allah ya ba mu sa'ar TP, amin.